Ƙirƙirarriyar Basira da Makomar Masu Karatun Duwatsu



A watan Fabrairun 2024 wani kamfanin Amurka mai suna KoBold Metals ya sanar da cewa ya tabbatar da wani makeken jibgin tagulla a ƙarƙashin ƙasa a Mingomba, can arewacin Zambiya kusa da iyakar Kwango. Kamfanin yana da goyon bayan attajirai irin su Bill Gates da Jeff Bezos, kuma abin da yake tinƙaho da shi shi ne ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI. Kafin ka ce kwabo labari ya zaga duniya cewa kwamfuta ta gano tagulla. Ɗaliban da ke karatun jiyoloji, wato ilimin duwatsu da abin da ke kwance cikin ƙasa, sai hankalinsu ya tashi, na iyayensu ma haka. Idan na'ura za ta nuna inda arziki yake, wa zai ɗauki mutum aiki?

Tambayar tana kan hanya. Sai dai kafin a amsa ta, labarin na buƙatar gyara.

Mingomba yana cikin yankin da aka shafe kusan shekara 100 ana haƙar tagulla. Masana sun riga sun huda wurin tun tuni, sun san akwai ma'adinin a can ƙasa, zurfin fiye da kilomita 1. Shi ya sa ma KoBold ya amince tun a Disambar 2022 zai zuba dala miliyan 150 don a dama da shi. Babu mai fitar da irin wannan kuɗi a kan zato. Abin da kamfanin ya yi shi ne ya tattaro tsofaffin taswirori da rahotanni da sakamakon hude-huden baya, ya loda su cikin kwamfuta, ita kuma ta riƙa nuna inda ya fi dacewa a sake hudawa. Da tsohuwar zuma ake magani. Kowane layi da ke cikin waɗannan takardu wani bawan Allah ne ya taka wurin da ƙafarsa, ya fasa dutse da guduma, ya duba, ya rubuta. Har yau kuma kamfanin cike yake da masanan ƙasa, 'yan Zambiya da baƙi, domin su ne ke faɗin ko abin da na'urar ta nuna ya yi ma'ana.

Wannan buri na sa kwamfuta ta nemo ma'adinai ma tsoho ne. Tun a shekarun 1970 masu bincike a cibiyar SRI da ke Kalifoniya suka haɗa wata manhaja mai suna PROSPECTOR. Sun zauna da ƙwararrun masanan ma'adinai, suka tatsi yadda suke tunani, suka mayar da shi ƙa'idoji a kwamfuta. Manhajar ta yi nuni da wani wuri a tsaunin Tolman da ke jihar Washinton inda ta ce za a sami ƙarfen molibdinam, aka huda, aka same shi. Shekara fiye da 40 ke nan, masanan ƙasa ba su ƙare ba.

Amma kada wannan ya sa mu saki jiki, domin akwai aikin da na'ura ke cinyewa yanzu haka, kuma shi ne abin da ya fi damuna.

Ku zo mu leƙa rumfar da ake ajiye duwatsun da injin huda ya zaro daga ƙasa. Injin yana fito da dutsen dogo-dogo, mulmulalle, sai a jera shi cikin akwatuna gwargwadon zurfin da ya fito. Yaron da ya gama digiri kwanan nan shi ake bari da su. Kayan aikinsa ɗan gilashin ƙara girma ne, da wuƙa, da maganaɗisu, da 'yar kwalbar asid. Ya fesa wa dutsen ruwa don launinsa ya fito. Ya karce shi da wuƙa ya ji taurinsa. Ya ɗiga masa asid ya ga ko zai yi kumfa, in ya yi to akwai sinadarin farar ƙasa a ciki. Ya auna tsaga, ya duba jijiyoyin farin dutse da suka ratsa, ya rubuta. Haka zai yi ta yi, mita bayan mita, wata da watanni, cikin zafi da ƙura. Aiki ne mai gundura, amma a nan ido ke buɗewa. Wata rana zai ɗaga dutse ya ji nauyinsa ya fi ƙarfin girmansa, ya san akwai magana, tun kafin a kai ɗakin gwaji. A manyan kamfanoni yanzu akwai na'urorin da ake tura akwatunan cikinsu, su ɗauki hoto da haske iri-iri, su fitar da sunayen ma'adinan da ke ciki, manhaja kuma ta rubuta kaso mai yawa na bayanin.

A harkar man fetur ma haka ne. Ana aika girgiza cikin ƙasa ko ƙarƙashin teku, a naɗi amsa-kuwwar da ta dawo daga shimfiɗun duwatsu, a mayar da ita hoto. Ƙananan ma'aikata su ne ke zama gaban kwamfuta suna bin layukan nan ɗaya bayan ɗaya, suna alamta inda dutse ya karye ya goce, domin a irin wuraren ne mai kan taru. Abin da kan ci su makonni, yanzu manhaja na iya yin zubin farko nasa cikin sa'o'i, babban ma'aikaci ya duba ya gyara.

Kun ga ke nan wanda aka taɓa shi ne mai koyo. Kamar garejin bakanike ne. Yaro yakan fara da wanke ƙarafa cikin fetur da miƙa sifana, a haka yake gane kowane ƙarfe da mazauninsa, har ya kai ya ji ƙarar inji ya san ciwonsa. Ranar da aka kawo injin wanki aka ce ba a buƙatar yara, aiki zai yi sauri, maigida zai ji daɗi, amma in ya tsufa babu wanda zai gaje shi.

Wannan gadon kuwa har a doka yana da muhimmanci. A 1997 asirin wani kamfanin Kanada mai suna Bre-X ya tonu. Kamfanin ya yi iƙirarin gano zinari mai ɗimbin yawa a Busang, cikin dajin Borniyo na Indunusiya, hannun jarinsa ya yi tashin gwauron zabi, jama'a suka zuba dukiyarsu. Ashe barbaɗa zinari ake yi a cikin samfurin kafin a kai ɗakin gwaji. Alƙaluman da ke kan takarda tsaf suke, duk kwamfutar da aka ba ta su za ta zana kyakkyawar taswirar arziki. Sai da wani kamfani ya huda nasa ramukan kusa da nasu bai ga komai ba, masana kuma suka duba ƙwayoyin zinarin suka ga siffarsu irin ta wanda ake tacewa daga rafi ce, sannan gaskiya ta fito. Bayan wannan badaƙala Kanada ta kafa doka a 2001 cewa duk rahoton ma'adinai da za a nuna wa masu zuba jari sai wani ƙwararre mai suna da rajista ya sa hannu, kuma sai yana da gogewar aƙalla shekara 5. Ostireliya ma tana da irin wannan ƙa'ida. Na'ura ba ta sa hannu, ba a kai ta kotu. To amma ina yaro zai samo shekara 5 ɗin, idan aikin shekarun farko ya koma hannun na'ura?

Wani abin da ya kamata a faɗa don adalci shi ne, babban abin da ya kori masanan ƙasa daga aiki a shekarun baya farashi ne. Gangar mai ta haura dala 100 a tsakiyar 2014, zuwa Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30, kamfanoni suka dakatar da neman sababbin rijiyoyi, aka sallami mutane rututu. A Yulin 2020, lokacin korona, kamfanin Schlumberger shi kaɗai ya sanar da rage ma'aikata kusan 21,000. A da, in kasuwa ta farfaɗo akan kira mutane su dawo. Abin da ya sauya yanzu shi ne kamfani ya koyi yin aikin da hannu kaɗan, saboda haka kiran ba ya kaiwa ga kowa.

To mu dawo gida, domin namu yanayin daban yake.

Yawancin waɗanda suka karanta jiyoloji a Zariya ko Kano ko Jos ko Maiduguri ba sa shiga kamfanin mai. Abincin da yawansu a harkar bohol yake. A Kano da Zariya da Kaduna ƙasa tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, ruwa kuwa yana maƙale a inda dutsen ya ruɓe ko ya tsage. Gusawar 'yan taku kaɗan na iya raba rijiya mai ruwa da busasshiya. Shi ya sa ake kiran mai gwaji kafin a kawo injin. Za ka gan shi da ƙarafa 4 yana kafa su a layi, yaransa na jan waya suna ƙara tazara, in ƙasa ta bushe a zuba ruwa a gindin ƙarfen don lantarki ya shiga, shi kuma yana karanta alƙaluma a jikin na'ura. Manhajar kwamfuta ta daɗe tana taimaka masa wajen lissafin. Inda gizo ke saƙar shi ne, laka mai danshi da ruɓaɓɓen dutse mai ɗauke da ruwa suna iya ba da karatu kusan iri ɗaya. Mai gogewa sai ya ɗaga kai ya dubi shimfiɗar wurin, ya dubi duwatsun da suka leƙo waje, ya je ya tambayi tsohon maginin rijiyar garin a gaba nawa yakan tarar da ruwa, da irin ƙasar da yake fitarwa kafin ya kai.

A nan ne na ga barazanar da ta fi kusa da mu. Wasu masu injin haƙa sun daina kiran masani. Sun sayi 'yar na'ura mai araha da ke zana hoto mai launi-launi a allo, a nuna wa mai gida shuɗin wuri a ce ga ruwa nan. Hoton yana da kyau, mai riƙe da na'urar kuma bai san abin da take aunawa ba. In aka dace, shi ke nan. In ba a dace ba, kuɗin da unguwa ko masallaci suka yi wata da watanni suna tarawa ya tafi a busasshen rami, a ce haka Allah ya ƙaddara. Masani ya rasa aiki, jama'a sun rasa ruwa, kuma babu wanda za a riƙe.

Rashin tsaro ma yana tura mu hanyar dogaro da na'ura. Ba mu manta da Yulin 2017 ba, lokacin da 'yan Boko Haram suka yi wa tawagar masu binciken mai kwanton ɓauna a yankin Magumeri na jihar Borno, cikinsu har da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri, aka kashe wasu aka sace wasu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Duwatsun da ke ɗauke da zinari a Anka da Maru da Birnin Gwari kuwa suna cikin dazukan da malami ba zai kai ɗalibansa ba a yau. Duk kamfanin da ya ga haka zai gwammace ya yi nazari daga sama, da jirgi da tauraron ɗan'adam, a fassara bayanan a wani ofis a Turai ko Sin. Idan muka yi sake, rabon yaranmu zai zama ɗaukar buhun samfuri da rakiya, tunani da hukunci kuma a yi su a wani wuri.

Alhali aikin da ke jiranmu ya fi ƙarfin masanan da muke da su. Hukumar binciken ƙasa ta Najeriya ta samo asali tun 1919, kuma tsakanin 2003 da 2010 an yi shawagi da jirage an auna maganaɗisun duwatsun ƙasar nan kusan baki ɗaya. Amma awon sama nuni kawai yake yi, sai an sauka an tabbatar, kuma akwai yankuna da yawa da har yau ba a bi su daki-daki da ƙafa ba. Ƙirƙirarriyar basira ba ta iya koyon abin da ba a rubuta ba. Wadda aka horar da duwatsun Kanada ko Ostireliya za ta yi ta kuskure a kan namu har sai wani ya ciyar da ita bayanan nan gida. Rashin masani kuma har rai yake ci. A 2010 yara aƙalla 400 suka mutu a Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega, saboda dutsen zinarin da ake dakawa a cikin gidaje yana ɗauke da dalma. Masani guda da ya duba dutsen da wuri zai iya gane haɗarin.

Saboda haka ina ganin inda za a sa ƙarfi a bayyane yake. Duk kamfanin da aka ba lasisin neman ma'adinai ko mai, a tsare shi ya miƙa wa hukuma bayanan da ya tara ta yadda za a iya amfani da su, a kuma buɗe wa jami'o'inmu su, kada ɗalibi ya gama digiri bai taɓa ganin bayanan ƙasarsa ba. A sa masa sharaɗin ɗaukar masu koyo su zauna a rumfar duwatsu ko da yana da na'urar da za ta yi aikin, domin shekarun gogewar nan ba a sayen su. Sassan jiyoloji kuma su koyar da lissafin ƙididdiga da rubuta manhaja tun daga aji 2, ba tare da an yanke fita daji ba, wadda ita ce ake fara sokewa duk lokacin da kuɗi ya yi ƙaranci. Majalisar COMEG, da doka ta ɗora wa rajistar masanan ƙasa da injiniyoyin ma'adinai, ita da hukumomin ruwa na jihohi su tsaya a kan cewa ba za a kafa injin bohol na gwamnati ko na al'umma ba sai da rahoton gwaji mai ɗauke da suna da lambar rajistar wanda ya yi shi, domin in rami ya fito a bushe a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.