A Auna Haɗari Kafin A Ba Da Kwangilar Katanga

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari zuwa Jega zai ga abin mamaki. Ofishin da babu kome a cikinsa sai fayil da kujeru an kewaye shi da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, har da maigadi a bakinta, amma a can gefen gari ga makaranta ko asibitin karkara a fili, awaki na shiga suna fita. Wannan ya nuna cewa sau da yawa ana raba tsaro ne bisa girman mai ofis, ba bisa nauyin abin da ake tsaro ba.

A da, mutanen kudancin Jihar Sakkwato na jin labarin ɓarayin daji ne daga Isa da Sabon Birni. Amma a shekarar 2025 hare-haren sun kai ƙauyukan Shagari, har jama'a suka bar gidajensu. Saboda haka ya wajaba ƙananan hukumomin nan biyu su zauna su yi lissafi, tun da kuɗin da ke hannunsu ba zai isa a kewaye kowane gini ba.

Tambayar farko ita ce, me ke cikin ginin, kuma wa ke kwaɗayinsa? Rumbun takin zamani ɓarawon dare yake tsoro, wani lokaci ma ɓarawon na cikin gida ne, watau kwaɗo mai kyau da fitila da littafin shiga da fita sun fi masa amfani. Makarantar kwana kuwa rayuka ne a cikinta, kuma masu nemanta a kan babura suke zuwa, da bindigogi. Idan aka auna su da mudu ɗaya, to, an yi ɓarna a wuri guda, an yi sakaci a ɗayan.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne, katanga ba ta hana maƙiyi shiga, jinkirta shi kawai take yi. Gidan yarin Kuje yana da katanga da masu gadi, amma ran 5 ga Yuli, 2022 aka fasa shi, fursunoni fiye da 800 suka fice. A Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri akwai 'yan sanda a watan Yunin 2021, aka fi ƙarfinsu. A Maga ta Jihar Kebbi, ran 17 ga Nuwamba, 2025, an kwashe 'yan mata 25 aka kashe mataimakin shugaban makarantar, kuma Gwamna Nasir Idris da bakinsa ya ce an janye sojojin da ke wurin jim kaɗan kafin harin. To, ke nan lissafin da ya kamata a yi shi ne, minti nawa ƙofa za ta riƙe maharan, minti nawa kuma agaji zai ɗauka kafin ya iso? In ƙofa za ta riƙe minti goma, motar jami'an tsaro kuwa sai ta yi awa guda a hanya, to, ƙarin bulo ba zai cike wannan giɓi ba. Gara a kashe kuɗin a kan wayar da ke da sabis, da mota mai mai a cikinta, da amincin mutanen ƙauyukan kewaye, domin su ne ke fara jin ƙarar babura.

Ba kuma muna cewa a mai da makaranta barikin soja ba. Wannan na da tsada, yana kuma tsorata iyaye su janye 'ya'yansu, musamman mata.

Tun 2021 Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idojin tsaron makarantu, a watan Maris na 2024 kuma Gwamna Ahmed Aliyu ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar. Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari su gayyato hakimai da shugabannin makarantu da jami'an 'yan sanda, a bi gine-ginen ɗaya bayan ɗaya, a rubuta nisan kowanne daga agaji mafi kusa, sa'an nan a fara da inda yara ke kwana.