Karo-karon caca: shin tarayya na sauya lissafi ko hukunci?

A ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙolin Najeriya ta soke Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, inda ta yanke cewa ikon tsara harkar caca na jihohi ne. Hukuncin ya share wa Hukumar Hisbah ta Kano hanya, domin a watan Oktoba na shekarar ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama, amma masu harkar suka riƙa fakewa da lasisin tarayya. Yanzu wannan mafaka ta rushe a jihar da ke aiki da Shari'a tun shekarar 2000.

Sai dai rufe shago bai rufe waya ba. A karkarar arewacin Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa, Bichi da Dambatta, inda gona ke manne da gona, gado kuma ya tsattsaga filaye har wani saurayin bai da abin da zai ciyar da gida wata shida, cacar ta samu sabuwar riga. Samari kan haɗa kuɗi a majalisa ko a gidan kallon ƙwallo, su danƙa wa mutum ɗaya mai asusu a waya, ya buga musu lambobi ko wasanni masu yawa, da sharaɗin in an ci a raba. Hujjarsu biyu ce: wai hannu da yawa na ƙara damar ci, kuma wai wannan ba caca ba ce sosai, taimakon juna ne irin na adashi.

Mu fara da lissafi, domin ɗalibai su gwada da alƙalaminsu. A cacar lambobi da ta fi yaɗuwa a Najeriya, ana fitar da lamba 5 daga cikin 90. Wanda ya zaɓi lamba biyu, damarsa ta su fito duka ita ce kusan 1 cikin 400, abin da aka saba biyansa kuwa ninki 240 ne na kuɗin da ya zuba. A ce samari goma sun zuba Naira 500 kowanne a duk mako, a kan lambobi daban-daban. Gaskiya ne damarsu ta tashi zuwa kusan 1 cikin 40. To amma in sun ci, Naira 120,000 ce za a kasa goma, kowa ya tashi da 12,000. A mako arba'in ɗin da ake sa ran ci sau ɗaya, kowannensu ya riga ya zuba 20,000. Ke nan a matsakaicin lissafi kowa ya yi asarar 8,000, kashi 40 cikin ɗari na kuɗinsa, daidai da asarar wanda ya buga shi kaɗai. Tarayya ta sa cin ya fi yawan zuwa, ta kuma rage girmansa da ma'auni ɗaya. Ribar kamfani ba ta motsa ba ko da kwabo.

Abin da tarayyar ta ƙara shi ne wuyar fita. Mai caca shi kaɗai yana iya gajiya ya bari. Wanda ke cikin ƙungiya kuwa kunyar abokai na riƙe shi, ga kuma fargabar kada ranar da ya janye ta zama ranar da lambar za ta fito. Ɗan cin da ake samu jefi-jefi shi ne ke sabunta kwaɗayi duk lokacin da ya fara sanyi.

A ɓangaren hukunci, akwai abin da ya kamata a tuna: cacar da Alƙur'ani ya sauka ya tarar, wato maisir, ita kanta ta taro ce. Malaman tafsiri sun bayyana cewa Larabawan Jahiliyya kan haɗu su yanka raƙumi, su kasa namansa, sannan a zuba kibau goma a jaka. Bakwai na da rabo, daga kaso ɗaya har zuwa bakwai, jimilla 28, uku kuwa ba su da komai, masu su ne ke biyan kuɗin raƙumin. Waɗanda suka ci ma sukan rabar da naman ga matalauta suna alfahari, suna kuma aibata wanda ya ƙi shiga da cewa marowaci ne. Ga taro, ga ciyarwa, ga sunan karamci. Duk da haka aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta amsa cewa akwai wasu amfanoni a ciki, amma zunubin ya rinjaye su. Daga baya ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida suka jera caca da giya da gumaka a matsayin ƙazanta daga aikin Shaiɗan, suka yi umarni da a nisance su, suka kuma faɗi dalili: jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da shagaltarwa daga ambaton Allah da sallah. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci wanda ya gayyaci abokinsa caca da ya yi sadaka. Idan gayyata kawai na bukatar kaffara, ina ga wanda ke tattara kuɗin jama'a duk mako yana buga musu? A fiƙihu, haɗin gwiwa da wakilci suna bin hukuncin aikin da aka ƙulla su a kansa. In aikin haramun ne, yawan masu hannu a ciki ba ya halatta shi.

Kwatanta wannan da adashi kuwa zalunci ne ga adashi. Mutum goman nan da sun zuba Naira 500 ɗinsu a adashin mako, kowa zai kwashi 5,000 sau huɗu a mako arba'in, kuɗinsa cif, kuma kuɗin bai bar unguwa ba. Ko da ƙuri'a aka yi don a san wanda zai fara ɗauka, ba ta zama caca ba, domin jeri take tsarawa, ba ta hana kowa haƙƙinsa; Annabi (SAW) ma yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Haka gayya take: yau a nome gonar wannan, gobe ta wancan, babu wanda guminsa ke tafiya a banza. Ma'aunin mai sauƙi ne. Duk tsarin da samun wani ya dogara ga rashin wani, kuma sa'a ce kaɗai ke raba su, wannan caca ne ko da an lulluɓe shi da sunan zumunci.

Ba za a yi adalci ba in ba a faɗi abin da ke ingiza matasan ba. Tun cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin taki, sufuri da abinci sun yi tashin gwauron zabi, rani kuma dogo ne ga wanda bai da fadama ko jari. Hisbah na iya kulle ƙofar shago, amma ba ta iya zama a kowace majalisa. Wannan aikin iyaye ne, da limamai, da malaman Islamiyya, da masu unguwanni. Huɗuba ta haɗa aya da lissafi, yadda saurayi zai ga asarar da idonsa. Sannan a karkatar da wannan ɗabi'a ta haɗa kuɗi, wadda asalinta alheri ce, zuwa inda take haihuwa: buhun taki da za a saya tare kafin damina, tunkiyar kiwo kafin Babbar Sallah, wake ko gyaɗa da za a tara a kai kasuwar Dawanau maimakon sayarwa a bakin gona, ko injin ban ruwa na haɗaka ga maƙwabtan madatsun Watari da Tomas.

Wanda ya riga ya shiga, ƙofar tuba a buɗe take. Ya janye hannunsa, ya faɗa wa abokansa dalili cikin mutunci, abin da ya rage a hannunsa na cin caca kuma malamai sun ce ya rabu da shi ta hanyar amfanin jama'a, kada ya ci, kada ya ciyar da iyalinsa. Allah Ya azurta mu da halal, Ya wadatar da mu da falalarSa daga barin waninSa.