Sharhi: Belin riga-kafi a rigingimun ciniki a Indiya

A ƙasar Indiya, ɗan kasuwar da ke da dalilin tsoron za a kama shi bisa zargin zamba yana iya garzayawa babbar kotu ya nemi beli tun kafin 'yan sanda su kai gare shi. Sashe na 438 na dokar shari'ar laifuffuka ta 1973 ne ya tanadi hakan, kuma daga ranar 1 ga Yuli, 2024, sashe na 482 na sabuwar doka ya gaje shi.

Wannan tanadi ya dace ƙwarai. Sau da yawa abin da ake kira zamba bashi ne da ya ƙi biyuwa, ko kaya da suka makara, sai mai bin bashi ya mai da ofishin 'yan sanda wurin karɓar kuɗi, domin ya san kwana biyu a tsare sun isa su zubar da mutuncin da aka shekara ashirin ana ginawa. Kotun Ƙolin ƙasar ta sha nanata cewa saɓa alkawari ba zamba ba ce, sai in an nuna mugun nufi tun ranar ƙulla ciniki.

Sai dai belin ba ya wanke kowa, bincike yana ci gaba. Kotu tana iya gindaya sharaɗin amsa kiran 'yan sanda da kuma hana barin ƙasar ba da izininta ba. Ga fataken Nijeriya masu saro magunguna da yadi a Mumbai, wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mai nauyi, don mutum yana iya tsira daga kurkuku amma ya yi watanni bai ga rumfarsa ba.