Tsiraicin Ganganci Da Tsiraicin Dole

Yau mu ɗan ajiye labarin soyayya, mu taɓa wata magana.

A Turai akwai masu aƙidar yawo zigidir a bakin teku, wai suna komawa ga halitta ta asali. A Faransa har unguwa guda suke da ita a Cap d'Agde. A Ingila kuwa wani Stephen Gough ya ratsa ƙasar Birtaniya da ƙafa tsirara daga 2003 zuwa 2004, ya sha ɗauri, ya ƙi sa wando. A wannan Faransar dai, cikin 2016, 'yan sanda a Nice suka tsaya kan wata mata a bakin ruwa har ta cire rigar da ta rufe jikinta. Ashe 'yancin na mai tuɓewa ne kaɗai?

To amma jama'a, tsine wa Bature ba ya tufatar da kowa. Shi da ƙoshinsa ya tuɓe, kayansa na jiransa a mota. Mu fa? Tun 2019 'yan bindiga suka kori dubban mutanen Sabon Birni da Isa zuwa yankin Maradi. Uwa ta tsere cikin dare da zane ɗaya, shi ne goyo, shi ne mayafi. Idan ta wanke, da me za ta fito?

Kunyar da muke tinƙaho da ita tana bin mu bashi. 'Yar'uwa, buɗe akwatin lefen nan, ki fidda turmi ɗaya kafin hunturu ya shigo.

Allah ya rufa mana asiri, amin.