Tsuntsu Ɗaya, Gida Huɗu: Gargaɗi Daga Wani Wasan Majigi

Ku sani abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau wani wasan majigi ne na ƙasar Amurka. Mun sani waɗansunku za su ce ina ruwan mai karatu da majigi. To, ku yi haƙuri ku ji, gama mai hankali ya kan tsinci wa'azi ko a bakin mai ba'a.

Sunan wasan nan da Turanci What's Cooking?, watau “Me a ke dafawa?” An fito da shi a shekarar 2000, da shi kuwa aka buɗe taron majigi na Sundance a wannan shekara. Wadda ta shirya shi mace ce, sunanta Gurinder Chadha. Asalin iyayenta Indiyawa ne, an haife ta a Nairobi ta ƙasar Kenya a 1960, ta girma a unguwar Southall cikin birnin Landan. Ita da mijinta Paul Mayeda Berges, Ba'amurke mai jinin Japanawa, suka rubuta labarin. Ashe ba daga nesa ta ke labarin baƙunta ba.

Sai mu fara da bayanin bikin, don maganar ta fito sosai. Mutanen Amurka suna da wata rana da su ke kira Ranar Godiya. Suna danganta ta da wani cin abinci da aka yi a 1621 a Plymouth, tsakanin Turawan Ingila da suka sauka a gaɓar nan da mutanen Wampanoag da suka tarar a ƙasar. Shugaba Lincoln ya shelanta ta ga ƙasa duka a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasarsu, sa'an nan a 1941 majalisarsu ta tsayar da ita a ranar Alhamis ta huɗu ga watan Nuwamba. A ranar nan ɗa ya kan baro makaranta, ma'aikaci ya baro garin aikinsa, kowa ya nufi gidan iyaye. Abin da a ke gasawa kuwa talotalo ne, kusan kowane gida.

Labarin wasan ya auku cikin yini ɗaya, a unguwar Fairfax ta birnin Los Anjalis, a gida huɗu. Akwai gidan Avila, 'yan asalin Meziko. Akwai gidan Seelig, Yahudawa. Akwai gidan Williams, baƙaƙen Amurka masu abin hannu. Akwai kuma gidan Nguyen, mutanen Biyetnam, irin waɗanda suka yi ta ƙaura zuwa Amurka bayan faɗuwar birnin Saigon a 1975. Kowane gida ya sayi talotalo, kowane kuwa ya yi masa irin girkin kakanninsa. A gidan Avila an jera shi da ƙullun masara da a ke turarawa cikin ɓawonsa. A gidan Nguyen uwargida ta shafe rabin tsuntsun da yaji ta bar rabi fari, 'yarta tana gunaguni wai an mayar da shi kamar sauran abincin gidansu. A gidan Williams aka yi ta ja-in-ja tsakanin matar gida mai son sabon salon girki da uwar mijinta wadda ba ta yarda an yi biki ba sai da makaroni da cuku. Daga baya tsuntsun gidan Nguyen ya ƙone, sai da aka sayo soyayyar kaza ta KFC. Nan mai kallo ya kan yi dariya har ya riƙe ciki.

Mutane da yawa a nan su ke tsayawa. Su kan ce ga hoton zaman lafiya, ga ƙabila huɗu sun haɗu a kan tsuntsu ɗaya, kowa da yajinsa, ba mai ƙyamar wani. Mu dai ba mu tare da su a kan wannan fassara. Ra'ayinmu shi ne haɗuwar tukunya ita ce mafi sauƙin haɗuwa, wasan nan kuwa yana nuna haka ga wanda ya kalle shi da natsuwa. Ga hujjojinmu.

Hujja ta farko, ku dubi abin da ke cikin gidajen. Babu gida ɗaya da aka zauna cin abinci ba tare da wani abu a ɓoye ba. A gidan Avila, maigida ya daɗe da barin matarsa saboda wata, ɗansu ya gayyato shi ba da shawarar uwar ba, ita kuwa ta gayyato wanda ke nemanta yanzu, suka yi kiciɓis a kan teburi. A gidan Seelig, 'yarsu ta zo da macen da su ke zaman soyayya tare, iyayen suka roƙe su su ce wa dangi abokiyar haya ce. A gidan Williams, maigida yana yi wa gwamna aiki, ɗansa yana gāba da gwamnan, ya kuma bar makaranta, shi maigidan kuwa ya ci amanar aurensa, duk ana rufe wa tsohuwa. Ko'ina hannu na cikin akushi ɗaya, zuciya kuwa kowa da inda tasa ta ke.

Idan wani ya ce, ai rufin asiri abin yabo ne, ba a tonon silili a ranar biki, sai mu ce gaskiyarka, amma rufi iri biyu ne. Akwai rufin da a ke yi wa aibin da ya wuce don kada a kunyata mai shi a gaban baƙi, wannan sutura ce. Akwai kuma rufin da a ke yi wa cutar da ke ci yanzu, a ɓoye ta ga waɗanda za ta cinye, wannan kamar rufe garwashi ne da zane. Gidan Nguyen shi ne shaida. Uwargida ta tsinci wani abu a aljihun rigar 'yarta wanda ya sa ta zarge ta da bin maza, hankalin gida duka ya koma kan yarinyar. Alhali kuwa ɗan'uwanta ya ɓoye bindiga a ɗakinsa. Yarinyar ta gani, amma a gidan da ba a sauraron yaro, wa za ta gaya wa? Aka yi ta tsare ƙofar da ɓarawo ba ya wajen. Ƙarshenta bindigar nan ta tashi cikin gida, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba.

Hujja ta biyu ita ce babba. Babban ɗan gidan Nguyen, Jimmy, ya gaya wa uwarsa ta waya karatu ya riƙe shi, ba zai sami zuwa biki ba. Nan kuwa yana gidan Avila, ya biyo 'yarsu Gina wadda ya ke so. Da ƙarar bindigar nan ta tashi, mutane suka fito waje a firgice, sa'an nan mai kallo ya ga abin da aka ɓoye masa tun farko: gidajen nan huɗu a mararraba ɗaya su ke, kowane a kusurwarsa, suna kallon juna. Ku tsaya ku auna wannan. Ɗa ya yini yana cin abinci a tsallaken hanya, uwarsa tana kewarsa a nan, ba wanda ya leƙo ya ce mata ga ɗanki can. Da a ce akwai shiga da fita tsakanin gidajen, da ko yaro an aika da ɗan kwano, ƙaryar nan ba ta kai azahar ba. Maƙwabtan da sai ƙarar bindiga ta fito da su, kusancinsu na katanga ne kawai.

Har a inda aka karɓi baƙo da fara'a, jahilci bai fita ba. Mazan gidan Avila sun so su ja Jimmy da hira, sai suka kawo masa zancen Bruce Lee da Jackie Chan, alhali waɗannan 'yan wasan Sinawa ne na Hong Kong, shi kuwa ɗan Biyetnam. Niyyarsu kyakkyawa ce, amma su a wurinsu duk mutumin gabas ɗaya ne. Ku tuna kuma birnin nan shi ne aka yi babbar tarzoma a cikinsa a 1992, shekara takwas kafin wasan, bayan da aka sallami 'yan sandan da suka doki wani baƙar fata mai suna Rodney King. Mutum fiye da 50 suka mutu, aka ƙone kantuna masu yawa, da dama na 'yan Koriya ne. Waɗanda suka ƙona da waɗanda aka ƙona wa, galibinsu a ranar Alhamis ɗaya su ke gasa talotalo. Ita kanta ranar ba kowa ke murna da ita ba, gama tun 1970 waɗansu daga 'yan asalin ƙasar su kan taru a Plymouth su mai da ita ranar makoki, saboda abin da ya sami kakanninsu bayan saukar Turawa.

Kada a ce mun raina cin abinci tare. Faufau. Da ba don bikin ba, da ɗan gidan Williams bai dawo ya fuskanci ubansa ba, da maganar da aka shekara ana haɗiyewa ba ta fito ba. Teburi ne ya tara su, wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Abin lura kuma, a gidajen nan huɗu mata ne suka yini a bakin murhu, su ne kuma suka ɗauki nauyin ɗinke abin da ya yage. Wasan ya ba su haƙƙinsu, mun yaba masa a kan haka.

Muna kuma da abin da za mu kushe. Mai shirya wasan ta tara masifa huɗu cikin yini ɗaya, sa'an nan ta kwance yawancinsu kafin dare. Zaman duniya ba haka ya ke ba. Amanar da aka shekara ana ci ba ta komowa tsakanin la'asar da lisha, almajiri kada ya ɗauka kuka ɗaya a bakin ƙofa ya isa gyara gida. Akwai kuma al'amura a cikinsa da suka bi al'adar mutanen can, mai kallo ya san abin da zai ɗauka da abin da zai bari.

Saboda haka ga abin da mu ke kira gare shi. Uba da uwa, ku bar wa 'ya'yanku ƙofar magana a buɗe tun kafin ranar taro, ku bincika abin da ke ƙarƙashin gadon wanda kuka amince da shi kamar yadda ku ke binciken aljihun wanda ku ke zargi. Malami, wanda ya zo maka daga wata ƙabila, ka tambaye shi sunan garinsu da harshensu, kada ka yi masa kuɗin goro da waɗanda suka yi kama da shi. Kai kuma maigida, wa ke zaune a tsallaken hanyarka, yaushe rabonka da sallama a ƙofarsa? In ka rasa amsa, kada ka jira biki, kada kuma ka jira ƙarar bindiga.

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya a cikin gida, ya kyautata tsakaninmu da maƙwabtanmu. Haza wasalam.