Su Sun Yi wa Nasu Ado, Mu Muna Sare Namu

Jama'a, kowane watan Disamba sai gardama ta tashi a kan iccen Nowel, wanda ake rataya wa fitilu da kayan ƙyalƙyali. Wasu su ce shirka ne, wasu su sayi na roba don a ce sun waye. Duka biyu sun bar jaki suna dukan taiki.

Mu san asalinsa tukuna. Babu iccen nan a cikin Linjila. Al'ada ce ta ƙasashen sanyi. A can, idan hunturu ya shigo, itatuwa sai su kaɗe ganye, amma iccen da Faransawa ke kira sapen yana nan kore shar. Shi ya sa suka ɗauke shi alamar rai a lokacin wuya. A 1521, garin Selesta na yankin Alzas ya rubuta kuɗin da ya biya masu tsaron daji don su kula da itatuwan kafin bikin. A 1848 wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da iyalinta kewaye da iccen, abin ya ƙara bazuwa.

To, mu nan Madarunfa ba mu da icce mai kore a cikin hunturu? Ga gawo! Da damina yakan zubar da ganye, ya bar wa gero rana, ya ba ƙasa taki. Da rani ya yi ganye da ƴaƴa, bisashe su samu abinci. Sarkin Damagaram Tanimun ya san darajarsa, har ya kafa doka mai tsanani a kan mai sare shi.

Mu kuwa fa? Gatari! Amalanke bayan amalanke, iccen dajin Baban Rafi yana tafiya murhunan Maraɗi. Mai sara ya ce yunwa ce. Gaskiya ne akwai yunwa, amma gonar da ba icce ita ke haifar ta.

Ba sai mun jira dashen ranar 3 ga Agusta ba. Tun 1983 aka soma sassaben zamani a jihar Maraɗi: a bar tohon kututture, a rage rassa, ya girma. Ba ya cin ko dala.

Ƴan'uwa manoma, a bar gardamar iccen wasu. Bana kowa ya bar gawo goma a gonarsa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, amma wannan rawar tamu ce.