Jif ko Sienna? Kafin ka zuba miliyoyinka a motar iyali

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lissafin sayen babbar mota a ƙasar nan ya canja gaba ɗaya, amma da yawanmu har yau da tsohon lissafi muke zuwa wajen dillalai. Litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Dala da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haye 1,500 a 2024, kuma da ita kwastam ke lissafa kuɗin fito. Wato motar ta yi tsada, kayan gyaranta sun yi tsada, abin da take sha ma ya yi tsada. Duk da haka idan magidanci ya samu 'yan canji, yara sun yi yawa, Corolla ta yi kaɗan, tambayar farko da za ka ji daga bakinsa ita ce, "Wace jif ce ta fi cika ido?"

Ni dai a ganina tambayar ba ta nan. Mutum nawa za ka ɗauka, wace hanya kake bi, kuma nawa za ka iya zubawa a tanki duk mako ba tare da tukunyar gida ta ji a jikinta ba?

Mu fara da Highlander, tunda ita ce kowa ke ambata. Ƙirar 2008 zuwa 2013 ta cika gari, kuma ba a banza ba. Injinta mai fulogi shida yana da juriya, sarƙa yake amfani da ita ba bel ba, kayan gyaranta kuma ko a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo ba za ka sha wahalar samu ba. Kusan duk bakaniken da ya iya Camry zai iya taɓa ta. Amma jama'a, a daina ruɗar mu da zancen "mai cin mutum bakwai". Kujerun nan na can baya na yara ne, yaran ma ƙanana. Ka sa babban mutum a ciki daga Kano zuwa Kaduna, sai an kama shi zai fito. Abin da ya fi wannan, da zarar ka ɗaga kujerun, but ya ƙare. To tafiya gida hutun Sallah fa? Ina za ka sa akwatunan Hajiya, da buhun shinkafar da za ka kai wa tsofaffi, da jarkar manja? Ƙarshenta dai yara su rungume kaya a cinya.

Honda Pilot ta 2009 zuwa 2015 ta fi ta fili, wannan babu musu. Mutum takwas take ɗauka, kuma bayanta ya fi na Highlander sakewa. Sau da yawa ma za ka same ta ƙasa da kuɗin Highlander. Sai dai araha ba ta ado. Injinta bel ne da shi, wanda ake so a canja idan ta yi tafiyar wajen mil dubu ɗari, kuma idan ya tsinke kana cikin gudu, barnar ba ta tsayawa a kan bel ɗin, har cikin injin take shiga. Wanda ya sayar maka ba zai gaya maka yaushe aka canja shi ba, galibi shi ma bai sani ba. Sannan akwai tsarin nan da ke kashe wasu silinda idan mota ta miƙe hanya don rage shan fetur, wanda masu motar suka yi ta kuka da shi kan shan baƙin mai da lalata fulogi, har sai da maganar ta je kotu a Amurka. Ba ina cewa kar a saya ba. Mota ce mai daɗi. Amma ranar da ka saya, ka ware kuɗin bel daban, kuma ka riƙa duba baƙin mai kamar yadda kake duba cajin wayarka.

Pathfinder daga 2013 zuwa 2020 kuwa, giyar CVT gare ta. Tana son manta na musamman, ba ta son zafi da lodi, kuma bakanikenmu da yawa ba gyara ta suke yi ba, cewa za su yi a sayo wata. Ni ba zan ba mai albashi shawarar ta ba.

Sai manyan, Prado da Land Cruiser da Sequoia da Lexus GX. Waɗannan an gina su ne a kan shasi irin na motar ɗaukar kaya, shi ya sa suke jure ramuka da laka da rairayi. Idan gonarka na cikin daji, ko garinku da damina sai an ratsa rafi, ko kana hawa Mambila zuwa Gembu, ko aikinka na kai ka yankin Yusufari, to kai ne aka ƙera wa su, Allah Ya sa albarka. Amma wanda duk zirga-zirgarsa daga gida ne zuwa ofis, zuwa makarantar yara, zuwa ɗaurin aure ranar Asabar, me zai yi da injin mai fulogi takwas? Tankin Sequoia lita 100 yake ci. A kan naira dubu lita, cika shi sau ɗaya naira dubu 100 ke nan, ya fi mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024. Daga Kano zuwa Abuja kilomita ɗari huɗu ne da ɗoriya. Motar da ke yin kilomita bakwai a lita za ta sha lita sittin da wani abu, mai yin goma kuma arba'in da 'yan kai. Ka ninka zuwa da dawowa, ka ninka sau nawa kake yi a shekara. Ba a ma zo maganar taya huɗu ba.

Kuma mu gaya wa kanmu gaskiya, son waɗannan motoci ba duka don hanya ba ne. Mun ga 'yan majalisa da su. A 2023, ana tsakiyar kukan cire tallafi, aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya jif-jif da rahotanni suka ce kowace ta kai wajen naira miliyan 160. Su ba daga aljihunsu suke zuba mai ba. Kai da za ka kwaikwaye su, daga kuɗin makarantar yara za ka cira. Ga kuma halin da hanyoyinmu suke ciki. Baƙar jif mai baƙin gilas a hanyar Birnin Gwari ko Funtuwa zuwa Gusau, sanarwa ce kake yi wa waɗanda ba ka so su san da kai. Allah Ya tsare mu baki ɗaya.

Yanzu ga maganar da na san wasu za su yi mini ca a kanta. Ga yawancin masu iyali a birni, motar da ta dace da su ba jif ba ce, Sienna ce. Injin mai fulogi shida irin na Highlander ne a cikinta daga ƙirar 2007 zuwa 2020, don haka bakanike ɗaya, kayan gyaran injin kusan ɗaya. Mutum bakwai ko takwas take ɗauka, kuma manya ne za su zauna a baya su miƙe ƙafa. Bayan kowa ya zauna, akwai rami mai zurfi a but da zai ci akwatuna. Ƙofofinta ja ake yi, yaro ba zai bankaɗe ya bugi mai babur ba. Tana da ƙasa-ƙasa, tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta shiga ba sai an tallafe ta ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar mahaifiyarsa zuwa asibiti a Prado ya san abin da nake nufi.

To me ya hana mu? Wai motar haya ce. Wai idan ka faka a wajen biki za a ɗauka lodin Abuja ka zo yi. Ikon Allah! Ai dalilin da ya sa direbobin tasha suka rungume ta shi ne dalilin da ya kamata ka so ta. Mutumin da ke neman abincinsa da mota, yana zuwa Abuja ya dawo kusan kullum, ba zai zaɓi wadda za ta kwana a gareji ba. Aibinta na gaskiya guda ne, cikinta na kusa da ƙasa, idan ta yi lodi tana karta a manyan ramuka da tudun rage gudu. Idan layinku da damina kogi yake zama, wannan hujja ce, ka koma Highlander ko Pilot. "Kar a raina ni" kuwa ba hujja ba ce.

Masu cewa su sayi babba su mayar da ita gas ɗin CNG, ku tambayi inda za a ajiye tukunyar. A but ake sa ta, wato filin da saboda shi ka sayi motar. Kuma ka fara ƙirga gidajen gas ɗin da ke kan hanyar da kake bi kafin ka yanke shawara.

Duk wadda ka tsayar a ranka, kar ka yi cinikin biri a sama. Da yawan motocin da muke kira Beljiyam daga wuraren gwanjon Amurka suke, wasu haɗari suka yi, wasu ambaliya ta shanye su, aka gyara aka fesa fenti. Ka karɓi lambar shasi, ka sa a bincika maka tarihinta a intanet, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarƙashin kujeru ko akwai tsatsa. Lambar tafiyar da ke kan allo kar ka yarda da ita, ana mayar da ita baya. Ka je da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba, ya sa mata kwamfuta, ku hau titi da esi a kunne har injin ya yi zafi ka ji yadda giya ke shiga. Takardun kwastam kuma ka kai ofishinsu a tantance kafin ka biya ko sisi, domin tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma motar da ta biyo ta bayan gida da takardun bogi, a hannunka za a kama ta a hanya, da iyalinka a ciki, dillali kuwa ya daɗe da cin la'adarsa.